Baƙon Inna Birjit a Belfas

Jirgin ya tashi ya bar ni kwance a asibiti, ƙafata ta dama a karye, a wani garin Turawa da ban taɓa jin sunansa ba sai ranar da muka shige shi. Belfas ake ce masa, a arewacin tsibirin Ailan, yamma da Ingila. Abin ya faru ƴan shekaru bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin Faransa na riƙe da mu, Ingilishi na riƙe da Katsina.

Sunana Nomau. A Jiratawa aka haife ni, kusa da Maraɗi, gidan marina. Ubana Bakatsinen Maraɗi ne, uwata Bagobira daga Tsibiri. Aikin tilas da kamun soja na kumandan Faransawa su suka kore ni daga bakin karofi, na tsallaka Jibiya, na yi dako a Kano, na yi a Ikko. A can wani dillali ya sayar mini da takardar aikin jirgin ruwa, ya rantse mini sahihiya ce. Sai daga baya na gane ta wani mamaci ce, Audu Katsina. Da ita na shiga jirgi, can ƙasa inda rana ba ta kaiwa, ina zuba kwal a bakin wuta da shebur.

A tashar Belfas igiya ta tsinke, wani ƙarfe ya faɗo mini a ƙafa. Helumanmu, wato shugaban masu shebur, wanda muke ci a kwano ɗaya tun daga Ikko, shi ya raka ni asibiti. Ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, zai kawo mini akwatina da takardata da safe. Ban ƙara ganinsa ba. Da na samu wanda ya je ya tambayo, aka ce jirgi ya tafi, heluma kuwa ya gaya wa kyaftin gudu na yi. A cikin akwatin nan akwai rigar da ubana ya rina da hannunsa, aka buge ta har tana ɗaukar ido. Ita ta fi yi mini zafi.

A ɗakin marasa lafiya ni kaɗai ne baƙar fata. Ba wanda ya wulaƙanta ni, amma kallo na sha shi. Wani tsoho a gadon kusa da nawa ya roƙi in ba shi hannuna, ya murza fatar da yatsa, ya duba yatsan. Abinci kuwa tsoron alade ya hana ni, sai burodi da shayi, har na rame. In na rufe ido sai in ji uwata na daka, in ji tashin warin baba daga karofi da hantsi. In na buɗe, sai ruwan sama yana bin gilashin taga, ba ƙarfi ba tsayawa.

Akwai wata mata mai goge daɓe, gajera, kanta ya yi fari, hannuwanta sun yi ja saboda ruwan sanyi da sabulu. Wata safiya tana durƙushe da bokitinta ta gan ni ina jan carbi, wanda shi kaɗai ya rage mini don a wuyana yake ranar da na faɗi. Ta tsaya. Ta dubi hagu ta dubi dama, ta sa hannu a aljihu ta fiddo nata carbin, mai ɗan gicciye a ƙarshe, ta nuna mini, ta mayar da sauri. Washegari ta kawo mini dafaffen ƙwai a cikin ƙyalle. Sunanta Birjit. Daga ranar nan ban ƙara kwana da yunwa ba.

Da aka sallame ni na bi ofis-ofis da sanda. A na ma'aikatan jirgi suka ce ba su san wani Nomau ba, Audu Katsina kuwa gudu ya yi. Na ce to ni ɗan ƙasar Faransa ne, aka tura ni wurin wani mushe, kamar yadda muke kiran Bafaranshe, mai kula da al'amuran Faransawa. Na gaishe shi da ɗan Faransancin da na tsinta a bakin gardi-gardin kumandan, ya yi murmushi, ya ce in kawo shaidar cewa a Nijar aka haife ni. Na fito na tsaya bakin titi, ba ni da takardar Ingilishi, ba ni da ta Faransa, ga sanyi yana shiga ƙashin da bai gama warkewa ba. Ban san ko'ina ba sai asibitin, sai na koma na zauna a ƙofar baya. Nan Birjit ta same ni da ta tashi aiki. Ta dube ni tsaye, ta ja tsaki, ba da ni take ba, ta ce, "Tashi mu je."

Unguwarsu gidaje ne na jan bulo a manne da juna, kowane da bututun hayaƙinsa. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta mata sun yi aure, saura ɗanta Shemus, saurayi dogo mai jan gashi, tsarana ne ko ya ɗan fi ni. Ta ba ni ɗan ɗakin baya. Na fara kiranta Inna, ta tambayi ma'anarsa, na faɗa mata, ta ce ta karɓa. Ta ware mini tukunya guda da alade ba zai taɓa ba. Ran Juma'a su ma ba sa cin nama, sai kifi, ranar nan mukan ci daga tukunya ɗaya. Sunana ya gagare ta, ta mai da shi Noman. Shemus ya yi dariya har ya ƙware.

Na ce, "Mene ne abin dariya?"

Ya ce, "Sunan mutanen can ne. Da wannan suna gobe ma sai ka samu aiki."

Ban gane ba a lokacin. Ni a idona duk fari ne, harshe ɗaya, tufa ɗaya, duk masu zuwa coci ran Lahadi. A hankali na fahimci garin biyu ne. Akwai Katolika, irin su Inna, masu bin Fafaroma, waɗanda zuciyarsu ke son a haɗe da kudancin tsibirin, da ya riga ya fita daga hannun Ingilishi. Akwai Furotesta, masu son a zauna ƙarƙashin Sarkin Ingila. Kowa da unguwarsa, da makarantarsa, da shagon da yake sayen burodi, har da inda ake binne shi. Ba katanga tsakani, amma yaro ƙarami ya san kusurwar da ba ya wucewa. Suna kaɗai ya isa a gane mutum. In suna bai nuna ba, sai a tambaye ka makarantar da ka yi.

Da ƙafa ta yi ƙwari na riƙa zuwa bakin tasha kullum ko zan ga jirgin da zai nufi Afirka ta Yamma. Wata rana ina tsaye sai na ji murya a bayana: "Kai, mutumin Katsina! Ina gajiya?"

Na juya, sai ga wani Bature ƙaƙƙarfa mai gashin baki, fuskarsa duk ƙurar kwal. Na amsa gaisuwa, hawaye na zubo mini, ban iya tsai da su ba. Rabona da jin Hausa tun ranar da heluma ya fita daga asibiti. Sunansa Wili. Ya yi saje a rundunar Ingilishi, ya zauna barikin Kano da Zariya, ya tafi yaƙi da sojojin Hausawa. Hausar bariki yake yi, wadda ba ta bambanta mace da namiji, amma a kunnena ranar nan ta fi ta kowa daɗi. Zanen fuskata ya gani ya gane ni. Yanzu shi ne babba a kan masu loda kwal a keken doki. Da ya ji labarina ya ce in zo da safe.

Ya kai ni gaban mai wurin. Aka tambayi sunana, na ce Nomau, mutumin ya ce, "Noman, madalla," ya miƙo mini shebur. Da muka fito Wili ya tambaye ni inda nake kwana. Na faɗi sunan titin. Fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Kada ka faɗa wa kowa a nan. In an tambaye ka, ka ce gidan ma'aikatan jirgi."

Na ce, "Saje, matar nan ita ta tsince ni a ƙofar asibiti."

Ya ce, "Na ji. Akwai na kirki cikinsu. Amma kai dai ka yi abin da na ce."

Na koma gida da murna na ba da labari. Inna ta ɗaga hannu ta yi godiya ga Allah. Shemus ya ture kwanonsa ya fita. Sai Inna ta gaya mini ya sha zuwa wannan wurin neman aiki, da wurin ƙera jiragen ruwa, da masaƙa. Kullum da zarar ya faɗi sunansa sai a ce ba gurbi. Abinci ya fita raina. Ni da na zo daga bayan teku, ba takarda ba dangi, an ba ni shebur, ɗan gari da aka haifa ana jin ƙarar tashar daga ɗakin uwarsa an hana shi.

Haka na riƙa yi, safe ina wani gari, yamma ina wani, alhali tafiyar ƙafa ce. A hanya nakan wuce wani bango da aka zana hoton wani sarkinsu na da, bisa farin doki yana tsallaka kogi. Wili ya ce wannan sarki shi ya cece su. Ya ce kakanninsa daga Sikotilan aka kawo su tun zamanin da, suka sare daji, suka gina garin nan, kuma an taɓa yi musu kisan gilla a gonakinsu. In aka haɗe da kudu, su ƴan kaɗan ne, limaman Katolika za su hau kansu. Ya ce, "Ba mu da wata ƙasa, Nomau. Ina za mu?"

Shemus kuwa, da ya huce ya fara yi mini magana, ya ce gonakin da aka ba kakannin su Wili na kakanninsa ne. An kore su zuwa duwatsu, an hana su harshensu, yunwa ta taɓa cinye su alhali jirage na fita da hatsi. Da kudu ta samu kanta, aka ja layi aka bar su a wannan gefe, inda aka tabbatar kullum su ne ƙasa wajen aiki da gida da ƙuri'a. Kowannensu in yana magana sai ka rantse jiya abin ya faru. Na taɓa tambayar Shemus yaushe aka yi yaƙin mai farin doki, ya ce tun kafin kakan kakan kakansa.

Ban yi mamaki ƙwarai ba, don na tuna kakana. Har ya mutu bai yarda Maraɗi gari ba ce, a wurinsa sansani ce, Katsina ce gida, an kore mu ne kuma za mu koma. Bai taɓa ganin Katsinar ba sai daga nesa, lokacin da suka kai hari yana saurayi. Dangin uwata a Tsibiri haka suke maganar Alkalawa, tsohon birninsu. Amma wani abu ya ɗaure mini kai. Kawuna Arne ne, a bakin gulbi yake zaune, yana yanka wa iskokin gidansu, yana shan giyarsa. Ubana mai salla ne, ba ya cin yankansa. Duk da haka in gero ya nuna, damin farko gidanmu yake zuwa, in kawu ya yi rashi ubana ne kan gaba wajen gaisuwa. Su kuwa waɗannan Annabi Isa ɗaya suke kira, ga shi ba sa shan shayin juna.

Azumi ya same ni a tsakiyar bazararsu. Wasu Larabawa ma'aikatan jirgi suka gaya mini an ga wata. Ban taɓa ganin rana mai taurin kai irin ta ƙasar nan ba. Yara su yi barci, manya su gaji da hira, ita tana nan a sama. Kafin mutum ya juya kuma gari ya waye. Ina loda kwal baki a bushe, ƙura na shiga maƙogwaro, har nakan ga duhu-duhu. Wili ya san azumi tun bariki, sai ya mai da ni wajen riƙe dawakai. Inna kuwa takan rufe abincina a gefen murhu, ta tsaya bakin taga tana duba mini rana, ta ce, "Noman, ta faɗi bayan masaƙa, zo ka sha ruwa."

A cikin watan nan ne garin ya fara sauyawa. Unguwar su Wili ta cika da tutoci, aka shafe bakin titi da fenti ja da fari da shuɗi, yara na tara katako za a yi babbar wuta. Da yamma sai ka ji ganga daga nesa. A unguwarmu mutane suka rage hira a ƙofar gida. Wili ya ce ranar bikin tunawa da nasarar mai farin doki ba aiki, in zo in gan shi yana maci. Mutumin da ya ba ni abin yi, ya sauƙaƙa mini azumi, ban ga yadda zan ƙi ba. Ban kuma yi shawara da kowa ba.

Na je. Maza sahu-sahu cikin baƙaƙen kwat da huluna, kowa ya rataya ƙyalle ruwan goro a kafaɗa, ga manyan tutoci masu hotuna, ga masu sarewa. Sai ganguna, kowace ta kusa rufe mai ɗauke da ita, ana dukan su da tsumagiya har wuyan hannun wani yana jini. Ƙarar ba a kunne take tsayawa ba, a ciki take sauka. Na san irin wannan kiɗa, ko ba a faɗa maka ba ka san ba na rawa ba ne, na faɗa wa wani ne cewa muna nan. Da sahun su Wili ya iso, ya hango ni, ya fito daga layi ya rungume ni yana dariya, abokansa suka yi tafi, wani ya ɗora mini ƙyallensa a kafaɗa na ɗan lokaci. Ni dai murmushi nake yi.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Na tarar da mata tsaye a ƙofofi, ba wadda ta amsa gaisuwata. Gilashin tagar Inna a fashe, tana share shi da tsintsiya. Shemus na tsaye a tsakar ɗaki, fuskarsa ta yi ja.

Ya ce, "Ka san waƙar da suke yi lokacin da kake tafa musu? Cewa suke za su taka jininmu. Kana cin abincin uwata, ka je ka rataya ƙyallensu!"

Na ce, "Wallahi ban san abin da suke faɗa ba."

Ya ce, "Ba ka sani ba. Ka karɓi aikinsu, ka karɓi sunansu. Tattara ka koma can su ba ka ɗaki, mu gani."

Ba ni da abin tattarawa sai bargo, shi ma na Inna ne. Na juya zan fita. Sai ta jingine tsintsiyar, ta tare ƙofa.

Ta ce, "Ba inda za shi. Tun asuba yaron nan bai sa ko ruwa a bakinsa ba." Ta juya ga ɗanta. "Wanda ya fasa mini taga ba daga can ya zo ba, daga titin nan yake, na kuma san uwarsa." Ta fita ƙofar gida, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce baƙonta baƙonta ne, mai magana ya zo ya same ta. Ba wanda ya zo. Ta dawo ta zauna. Ranar nan ban iya haɗiye abin buɗa-baki ba.

Shemus ya daɗe ba ya yi mini magana. Ni na sayo gilashi na gyara tagar, ya tsaya yana kallo, da ya ga zan sa shi a karkace ya zo ya riƙe mini gefe guda. Bayan salla ya ce zai je ƙauye gai da kakarsa, in ina so in zo. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka, muka taka. Ƙasa koriya shar, tumaki ko'ina, gonaki ƙanana an kewaye su da duwatsu. Tsohuwar na zaune a ɗan gida mai farin bango. Da ta gan ni ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, sannan ta kawo mini madara mai ɗumi. Ita da Shemus suka yi wasu kalmomi da wani harshe da ba Turanci ba, ya ce nasu ne na asali, shi kaɗan yake ji.

Ya ja ni bayan gida, ya nuna mini wani ɗan rafi da yaro zai iya tsallakewa. Ya ce, "Ga iyakar. Gidan na Sarkin Ingila ne, makiyayar shanun tana ƙasar kudu. Da safe shanunta sukan bar ƙasa, da yamma su dawo." Muna tsaye wata mata ta tsallako da ciki niƙi-niƙi, ta gaishe mu, ta shige. Ya ce ba ciki ba ne, man shanu ne da sukari ta ɗaure, don a arewa har wannan lokacin sai da katin rabo ake sayar da su. Na yi dariya har na zauna a kan dutse. Na ba shi labarin yadda mutanenmu ke bi da jakan gyaɗa ta daji zuwa Jibiya don kauce wa duwan, wato ƴan kwastan, su dawo da atamfa a naɗe cikin tabarma. Na gaya masa yadda Turawa biyu suka zauna a wata ƙasa suka raba mu, gwaggona ta kwana ƴar Faransa, ƙanwarta da ke aure gaba kaɗan ta kwana ƴar Ingilishi.

Ya dube ni da kyau. Ya ce, "To ku me kuka yi?"

Na ce, "Muka ci gaba da zuwa suna da biki. In gardi ya tare ka, ka ce ba ka ga iyaka ba."

Ya ce, "Ku layin a ƙasa yake. Mu ya shiga cikin mutane."

Sanyi ya dawo, rana ta koma fitowa a makare tana faɗuwa da wuri. Ƙafar da ta karye ta riƙa yi mini zogi, tari ya kama ni, na kwanta. Kewar gida ta taso mini irin wadda ban taɓa ji ba. Na fara tunanin in na mutu a nan wa zai yi mini wanka, a wace maƙabarta za a sa ni, ta su Inna ko ta su Wili.

Wata Lahadi da rana aka ƙwanƙwasa ƙofa. Inna ta buɗe, sai ga Wili, hularsa a hannu. Tun da aka haife shi bai taɓa shiga titin nan ba, ga labule na motsi a kowace taga. Suka tsaya suna kallon juna.

Ya ce, "Wurin Nomau na zo, uwargida. An ce ba shi da lafiya."

Ta ce, "Na san ko kai wane ne." Ta matsa daga bakin ƙofa. "Shigo, kana sa mini sanyi a gida."

Ya zauna a bakin kujera, ƙarƙashin hoton Fafaroma, bai ɗaga kai ba. Ta ba shi shayi, ya karɓa da hannu biyu. Maganar ruwan sama suka yi, da tsadar kwal. Sannan ya juyo gare ni da Hausa, ya ce ya samo jirgin da zai tashi daga Libaful ta Ingila zuwa Ikko, suna neman mai shebur, saura takarda.

Da na samu sauƙi ya kai ni ofishin da suka kore ni da farko, ya sa lambobinsa na soja a ƙirji. Ya nuna zanen fuskata ya ce wa jami'in, "Na yi yaƙi tare da masu wannan zane, na binne wasunsu da hannuna. Mutumin Katsina ne, na rantse." Aka ba ni takarda da sunana na gaskiya. Bai kuwa yi ƙarya ba, Bakatsine ne ni, ba a dai tambaye shi wane gefe ba.

Muna fitowa na ce, "Saje, ina da roƙo. Sheburin da zan ajiye, a ba Shemus."

Ya daɗe yana murza gashin baki. Ya ce zai gwada. Ya kuwa gwada, a gabana. Mai wurin ya ce madalla, yaya sunan yaron? Wili ya faɗa. Mutumin ya dube shi ya ce, "Wili, kai ma ka fara?" Shi ke nan. A waje Wili ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "In na matsa, ni ma gobe ba ni da aiki. Ina da ƴaƴa." Na ce na sani. Muka yi sallama a nan, ya riƙe hannuna ya ce, "Sauka lafiya, ka gai da Katsina."

Da na gaya wa Shemus, ɗaga kafaɗa kawai ya yi. Ya ce dama ya yanke shawara, zai bi ni zuwa Libaful ya nemi aikin gini. Inna ba ta ce kada ya tafi ba. Ta ɗaure mana burodi da ƙwai, ƙulli biyu iri ɗaya. A bakin tasha ta gyara masa wuyan riga, ta gyara mini nawa, ta ce, "Noman, ka gaya wa uwarka na riƙe mata kai iyakar iyawata." Na durƙusa mata kamar yadda ake yi a gida, ta ɗago ni da sauri tana faɗa, wai ƙasa a jiƙe take.

Jirgin cike yake da samari irinsa, kowa da akwatin kwali ɗaure da igiya. Shemus ya tsaya a baya yana kallon duwatsun garinsu har suka ɓace. Teku ta juya masa ciki, na riƙe masa kai, na ba shi busasshen burodi, na ce ya dubi nesa kada ya dubi ruwa.

A Libaful jirgina sai bayan kwana biyu zai tashi, muka shiga neman ɗaki. Muka ga gida da takarda manne a taga, na ce ga wuri. Shemus ya karanta, ya tsaya. Na ce me aka rubuta? Ya ce, "An ce akwai ɗaki. Amma ban da baƙar fata, ban da mutanen Ailan."

Na ce, "Katolika ko Furotesta?"

Ya sake duba takardar kamar zai samu amsa a ciki. Ya ce, "Ba su tambaya ba." Sai ya fashe da dariya, ni ma na kama, muka tsaya a titin mutane muna dariya har matar gidan ta leƙo ta ja labule. Ya ɗauki akwatinsa, ya ɗauki ƙullina, ya ce, "Zo mu je. Kai ka fi ni sanin baƙunci, wuce gaba."

Wani Basomale mai gidan ma'aikatan jirgi shi ya ba mu ɗaki, gado ɗaya, muka raba bargo. Ranar tafiyata Shemus ya raka ni har bakin tsanin jirgi. Daga nan ban ƙara jin labarinsa ba, ko na Inna, ko na Saje.

Na iso Jiratawa an gama girbi. Ubana ya rasu ina can, uwata na da rai, idonta ya yi rauni. Ta shafa fuskata, ta shafa ƙafar, ta tambaye ni wa ya yi jinyata a ƙasar da ba ni da kowa. Na faɗa mata, na kuma isar da saƙon. Ta sa na maimaita sunan har ta iya. Da Juma'a ta zagayo ta sa aka dama fura, ta aika masallaci sadaka. Liman ya aiko a tambaya, da sunan wa za a yi addu'a? Ta ce a gaya masa, da sunan Birjit, ƙawarta ce, a nesa take.